Rigimar gadon gidan Berkeley: shekara 192 ana fafatawa kan fada ɗaya da gandayenta

Asalin gidan da abun da aka yi rigima a kai

A yammacin Ingila cikin lardin Gloucestershire, kusa da kogin Severn, akwai wani ɗan gari da ake rubuta sunansa Berkeley amma mutanen can "Bakli" suke cewa. A garin akwai wata tsohuwar fada ta dutse mai ganuwa, a cikinta ne ma aka tsare sarki Edward na 2 bayan an tuɓe shi har ya mutu a 1327. Masu fadar jikokin wani attajirin birnin Bristol ne mai suna Robert Fitzharding, wanda ya taimaki Henry na 2 da kuɗi lokacin da yake neman sarauta, shi kuma wajen 1153 ya saka masa da ƙasar Berkeley bayan an ƙwace ta daga hannun masu ita na farko. Dan kar gaba ta ɗore sai aka haɗa aure, ɗan Robert ya auri 'yar tsohon mai ƙasar, zuri'ar ta ɗauki sunan garin.

Dukiyar irin waɗannan gidaje ƙasa ce, kuma ƙasar a rarrabe take gandu-gandu. In nace gandu anan ina nufin ƙauye sukutum da gonakinsa da makiyaya da daji da injin niƙa da manoman da suke biyan haya ko suyi wa ubangida noma, har da 'yar ƙaramar kotu da ubangidan yake da ita a kansu. Fadar Berkeley tana da irin waɗannan da yawa a kewayenta, irinsu Ham da Alkington da Cam da Slimbridge da Coaley da Symondshall, sai kuma Wotton, wanda shine zai fi shan ja-in-ja a wannan labarin. Daga Wotton zuwa fadar bai kai tafiyar rabin yini a ƙafa ba.

Sai an gane dokar gadonsu ta lokacin kafin a gane rigimar. A wajenmu in mutum ya mutu ya bar 'ya ɗaya da ɗan ɗan'uwansa kawai, 'yar ta ɗauki rabi ɗan ɗan'uwan ya kwashe saura, kowa ya san kasonsa. Su a can ba a raba ƙasa haka. Babban ɗa namiji shi yake ɗauke komai, in babu namiji 'ya'ya mata su raba daidai a tsakaninsu, kuma 'ya tana gaban ɗan ƙani, bashi da ko taku ɗaya in tana nan. Amma tun wata doka ta 1285 zamanin Edward na 1, mai ƙasa yana iya rubuta takarda ya ɗaure ƙasarsa a kan wani layi na zuri'arsa, kusan kamar yadda ake hubusi, yace misali maza kawai zasu riƙa gadonta.

1349 zuwa 1417: takardar kaka da 'yar jika

A 1349, shekarar da annobar nan da suke kira Baƙar Mutuwa take kan cin mutane a Ingila, Thomas mai Berkeley na lokacin ya rubuta irin wannan takarda. Ya ɗaure fadar da manyan gandayenta a kan magada maza. Ya rasu a 1361, ɗansa Maurice ya gaje shi ya rasu a 1368, sai jikansa shima mai suna Thomas ya hau yana ɗan shekara 15. Duk wannan lokacin takardar tana cikin akwati babu mai bi ta kanta tunda akwai ɗa namiji a kowane hawa.

Shi wannan Thomas jikan tun a 1367 aka aura masa 'yar gidan Lisle suna yara, ita kaɗai ce magajiyar ubanta dan haka ta shigo da ƙasa mai yawa. Allah ya basu 'ya ɗaya, Elizabeth. Matar ta rasu a 1392, shi kuma a lokacin bai cika arba'in ba, amma ya zauna shekara 25 bai ƙara aure ba, har yau kabarinsu su biyu yana cocin Wotton da siffarsu a zane jikin tagulla suna kwance kusa da juna. Ita Elizabeth aka aurar da ita ga Richard Beauchamp, Earl na Warwick (Earl, kamar Duke da Lord, sunan sarauta ne na manyan Ingila), wanda yana cikin mutum uku ko huɗu mafi ƙarfi a ƙasar, na hannun daman sarki Henry na 5, kuma shine daga baya yake riƙe da fadar Rouen a Faransa lokacin da aka yi wa Joan ta Arc shari'a, budurwar da ta jagoranci Faransawa a yaƙi da Ingila.

A ɗaya gefen kuma Thomas yana da ƙani James wanda ya riga shi mutuwa a 1405 ya bar ɗa shima James. Toh kaga in takardar 1349 za'a bi, wannan yaron ne mai fadar. In dokar gama-gari za'a bi, Elizabeth ce. Ƙasar Lisle ta uwarta da sauran gandayen da ba'a ɗaure ba dama nata ne ba gardama. Thomas ya nema wa yaron aure a matsayin magajinsa, amma bai tara su a gaban shaidu ya raba aya da tsakuwa yana raye ba, ya mutu ranar 13 ga Yuli 1417 ya bar maganar haka.

1417 zuwa 1439: wanda ya riga zuwa akwatin takardu

Lokacin rasuwar Thomas, James yana can Dorset gidan surukinsa, su kuma Elizabeth da mijinta suna kusa. Kafin ya iso sun shige fadar sun ɗora hannu a kan takardun gidan gaba ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, dan a zamanin hujjarka ta mallakar ƙasa fata ce rubutacciya mai hatimi, in tana hannun abokin shari'arka to da me zaka tsaya gaban alƙali. An yi binciken gado irin wanda hukuma take yi in babban mai ƙasa ya mutu, masu binciken suka ce James ne magajin ƙasar da aka ɗaure, amma ɓangaren Warwick basu fita ba, suka tsaya kan cewa 'ya ta fi ɗan ƙani kusa kuma akwai gandayen da takardar bata hau kansu ba.

James saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba kuɗi ba mutane. Abun da yayi shine ya nemi inuwa, ya je wajen Humphrey Duke na Gloucester ƙanin sarki yayi masa alƙawarin kuɗi mai kauri in ya tsaya masa. Wannan ya ɗan yi aiki, a 1421 fadar ta dawo hannunsa kuma aka kira shi majalisa a matsayin Lord Berkeley. Elizabeth ta rasu a Disamba 1422 ta bar 'ya'ya mata uku, shi kuma James ya auri Isabel 'yar gidan Mowbray masu sarautar Norfolk, abun da ya ƙara masa ƙarfin dangi. Rigima dai bata kwanta ba, mutanen Warwick sun zo sun kewaye fadar an zubar da jini a garin.

Wajen 1425 aka zauna sulhu na farko, babban limamin cocin Worcester da wani babban alƙali suka shiga tsakani. Abun da suka yanke shine James ya riƙe fadar da yawancin ƙasar, shi kuma Warwick ya ci Wotton da Symondshall da Coaley iya tsawon ransa. Basu taɓa maganar waye mai asalin haƙƙin gandayen ba. An samu lafiya ta shekara goma sha huɗu, har Warwick ya mutu a Rouen a ƙarshen Afrilu 1439.

1439 zuwa 1463: Margaret

Da jin mutuwar sai James ya shiga gandayen ukun, a ganinsa aro ya ƙare kaya ya dawo wa mai shi. 'Ya'yan Elizabeth kuma suka ce gadon uwarsu ne. Ga kuma mazan da suke aure: Eleanor tana gidan Edmund Beaufort wanda ya zama Duke na Somerset, ƙaramar tana gidan George Neville Lord Latimer, babbar kuma Margaret tana auren John Talbot, Earl na Shrewsbury, babban mayaƙin Ingila a Faransa a lokacin. Su ukun duk suna da ƙafa a fadar sarki Henry na 6, James bashi da ita. A cikinsu Margaret ce ta ɗauki maganar da zafi ita da ɗanta John wanda aka bashi sarautar Lisle, ta koma Wotton ta zauna tana kallon fadar daga kan tudu.

Shekarun da suka biyo shekaru ne na sammaci da kame da kai hari gandun juna, yau mutanen Berkeley su fasa gida a Wotton gobe mutanen Talbot su ƙone a garin Berkeley, kuma talakawan da suke noma ƙasar sune a tsakiya kowa yana zuwa karɓar haya a wajensu. An sake zama sulhu a Cirencester a 1448 shima bai riƙe ba. Akwai ranar da Lisle ya aiko wani mutum da sammaci ya kawo wa James, shi kuma ya sa aka lakaɗa masa duka aka tilasta masa ya cinye sammacin, fatar da kakin hatimin duka.

A Satumba 1451 mutanen Lisle suka saye mai tsaron ƙofar fadar, ya buɗe musu da dare, suka kama James da 'ya'yansa maza huɗu a kan gadajensu. Sati goma sha ɗaya suna tsare. A cikin wannan tsarewar aka riƙa kawo musu takardun sakin gandayen suna sa hannu, aka kai su Bristol ƙarƙashin tsaro suka amsa bashin sama da fam 12,000 in suka saɓa, wanda kuɗi ne da duk abun da ƙasarsu take kawowa a shekaru bai kai ba, sannan aka kai su gaban kotu ta tabbatar da abun da suka sa wa hannu. A takarda dai magana ta ƙare, Margaret ta ci.

Wadda ta rage a waje ita ce Isabel matar James. Ita take zirga-zirga a Landan tana bin lauyoyi, har akwai wasiƙar da ta taɓa aiko wa mijin tana ja masa kunne ya kula da kansa kar ya kuskura yayi wata yarjejeniya sai ta dawo. Da ta je Gloucester kan maganar shari'ar sai Margaret ta sa aka kama ta aka kulle a fadar garin, kuma a can ta mutu a Satumba 1452. Wannan wajen yana taɓa ni duk sanda na zo kansa, dan ita kaɗai ce a gidan take bin hanyar kotu tsakani da Allah, kuma 'ya'yanta basu taɓa mance yadda ta mutu ba.

Shekara bata zagayo ba Talbot ya tafi yaƙi Faransa ya tafi da biyu cikin 'ya'yan James. A yaƙin Castillon ranar 17 ga Yuli 1453 aka kashe Talbot ɗin, aka kashe ɗansa Lisle, aka kashe ɗaya daga 'ya'yan James aka kama ɗayan. Rana ɗaya Margaret ta rasa miji da ɗa, abun da ya rage mata jika ne ɗan shekara huɗu haka mai suna Thomas Talbot. James ya samu numfashi ya koma fadarsa, a 1457 ma ya auri Joan 'yar Talbot ta wajen uwargida, wato 'yar kishiyar Margaret, dan 'yan wannan ɗakin suma rigimar gado suke da ita. A Oktoba 1463 tsofaffin biyu suka gaji suka sa hannu cewa kowa ya zauna da abun da yake hannunsa ba faɗa iya tsawon ransu. James ya mutu bayan 'yan makonni. Margaret ta bi shi a 1467.

20 ga Maris 1470: Nibley Green

Yanzu rigima ta sauko kan William babban ɗan James, mutum mai shekara arba'in da huɗu wanda ya sha waccan tsarewar kuma uwarsa ta mutu a kulle, da kuma Thomas Talbot mai sarautar Lisle, yaro ɗan shekara ashirin da kaɗan wanda ya tashi a hannun kakarsa. Lisle ya so maimaita dabarar 1451, aka shirya da wasu masu tsaron fadar zasu buɗe ƙofa, sai asiri ya tonu. Cikin fushi ranar 19 ga Maris ya rubuta wa William wasiƙa yace ya fito su gwada su biyu ko kuma ya zo da duk ƙarfinsa. William ya bashi amsa a ranar, yace a ƙasar nan ba da takobi ake yanke maganar ƙasa ba, amma tunda ya nema to su haɗu gobe da safe a Nibley Green, wani fili tsakanin Wotton da Berkeley.

Amsar nan da wayo a cikinta. Dare ɗaya kawai ya bar wa yaron, alhali shi mutanensa a shirye suke, ƙaninsa Maurice ya taho da dare da nasa mutanen daga Thornbury, maharba da masu haƙar ma'adinai suka ƙetaro kogi daga dajin Dean, surukin Maurice wani attajirin Bristol mai suna Philip Mede shima ya aiko da mutane. An ce William ya tara wajen mutum dubu, Lisle kuma wajen ɗari uku, yawanci manoman gandunsa. Sarki Edward na 4 yana can arewa yana fama da tawayen Lincolnshire, babu mai tsawatarwa.

Da gari ya waye mutanen Berkeley suna laɓe a bakin dajin Michaelwood, Lisle ya gangaro daga tudun cocin Nibley murfin kwalkwalinsa a ɗage, kibiya ta same shi a fuska, ya faɗi aka ƙarasa shi da wuƙa, mutanensa suka watse suka hau tudu da gudu ana binsu. Yaran ƙauye a kan bishiyoyi suka kalli abun, kuma fiye da shekara ɗari bayan nan wakilin gidan Berkeley, John Smyth, ya tarar da tsofaffi a yankin suna bada labarin yadda iyayensu suka gani daga kan bishiyar. Daga filin, William ya wuce Wotton ya wawashe gidan ya kwashe takardun da suke ciki. Matar Lisle tana da tsohon ciki, bayan kwana goma sha shida ta haifi ɗa namiji ba rai. Wannan shine yaƙi na ƙarshe da aka yi a ƙasar Ingila tsakanin rundunonin wasu manya biyu na ƙashin kansu.

Matar ta kai ƙara kan kisan mijinta, ƙarshe aka sasanta William ya riƙe gandayen yana biyanta fam 100 duk shekara iya tsawon ranta. Lisle kuwa ya bar 'yan'uwa mata, kuma haƙƙin da yake iƙirari ya koma kansu.

1470 zuwa 1553: ɓarnar cikin gida

Shekara hamsin da uku ana zubar da jini dan fadar ta zauna a hannun maza 'yan Berkeley, sai gashi wanda ya ci yaƙin da kansa ya bada ita. William mutum ne mai son sarauta, kuma 'ya'yansa duk sun mutu suna ƙanana. Ta wajen uwarsa Isabel rabin dukiyar gidan Mowbray ta faɗo masa bayan zuri'arsu ta yanke a 1481, sai ya shiga musayar ƙasa da rawani. Ya zama Viscount a 1481, Earl na Nottingham a 1483, Marquess a 1489, kowace sarauta tana gaba da ta baya, kowanne da abun da ya bayar. A 1487 ya rubuta cewa in ya mutu ba ɗa, fadar Berkeley da gandayenta su koma wa sarki Henry na 7 da magadansa maza, sai in mazan sun ƙare ne zata dawo wa danginsa. Hujjar da ya kafa ta hana ƙaninsa Maurice ita ce wai ya auri 'yar ɗan kasuwa ya zubar da darajar gida, alhali uban matar nan shine ya aiko masa da mayaƙa a Nibley Green. William ya mutu a Fabrairu 1492, sarki ya karɓi fadar. Smyth laƙabin mai ɓarnatar da komai ya bashi.

Maurice bai ɗauki makami ba, da wa ma zai yi. Zama yayi da takardun yayansa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda aka yi kuskure a rubutun kyautar ko inda tsohon ɗauri ya hana a bayar, ya riƙa ɗaukar takardunsa da kansa yana hawa kotu a Landan, kuma cikin shekara bakwai ya dawo da gandu fiye da 40 daga hannun mutane daban-daban. Fadar ce dai ta gagara tunda a hannun sarki take kuma rubutun ya ɗauru. Ya mutu a 1506 bai kwana a cikinta a matsayin mai gida ba, 'ya'yansa da jikansa ma haka.

Abun da ya dawo da ita mutuwa ce. Henry na 7 ya bar Henry na 8, shi kuma ya bar Edward na 6, wanda ya rasu ranar 6 ga Yuli 1553 yana ɗan shekara 15 ba aure. Mazan gidan sarautar sun ƙare kenan, sarauta ta koma wa mata, fadar kuma bisa sharaɗin 1487 ta koma wa Henry Berkeley, yaro ɗan shekara 18, bayan shekara 61.

1553 zuwa 1609: tsohuwar ƙara ta farka

Shi kuma haƙƙin Lisle duk wannan lokacin yana tafiya ta wajen mata. 'Yar'uwar wanda aka kashe a Nibley ta auri Edward Grey, 'yarsu ta auri Edmund Dudley, ɗansu shine John Dudley Duke na Northumberland wanda aka sare wa kai a 1553 aka ƙwace dukiyarsa. 'Ya'yansa biyu, Ambrose Earl na Warwick da Robert Earl na Leicester, sune suka zama 'yan gaban goshin sarauniya Elizabeth ta 1. Henry Berkeley kuwa mutum ne mai son farauta da kashe kuɗi, bai damu da takardu ba, matarsa kuma ƙanwar Duke na Norfolk ce wanda sarauniya ta sa aka kashe a 1572. Kaga iska ta juya gaba ɗaya. A shekarun 1570 aka tono ƙarar da sunan sarauniya, Henry ya faɗi, Wotton da Symondshall da wasu suka fita daga hannunsa aka miƙa wa 'yan Dudley.

A 1574 sarauniyar ta biyo ta Berkeley Henry baya nan, ita da tawagarta suka shiga dajin farautarsa suka kashe barewa 27 a yini ɗaya. Da ya dawo ya gani sai haushi ya sa ya rushe shingen dajin, magana ta kai kunnen sarauniya, aka aiko masa a asirce ya iya bakinsa dan Leicester yana da ido a kan fadar kanta.

Shari'a ta cigaba shekara talatin da wani abu, ƙara tana haifar ƙara. Leicester ya mutu a 1588, Ambrose a 1590, duk ba ɗan da zai gaje su, matar Ambrose ta riƙe har 1604, daga nan haƙƙin ya faɗa hannun ɗan 'yar'uwarsu Robert Sidney. A wannan tsakanin ne John Smyth ya shiga hidimar gidan Berkeley, ya karanci shari'a, ya zauna a ɗakin ajiyar fadar yana bin fatun nan na ɗaruruwan shekaru yana jera su. Sarauniya ta mutu a 1603. A 1609 aka zauna, Henry Berkeley ya biya Sidney kuɗi masu yawa, Sidney ya sa hannu ya saki duk wani haƙƙi nasa da na magadansa a kan gandayen. Daga 1417 zuwa nan shekara 192.

Abun da ya riƙe da wanda bai riƙe ba

In ka jera sulhun da aka yi kafin na ƙarshe zaka ga ciwo ɗaya ne a jikinsu. Na 1425 iya ran Warwick ne, na 1463 iya ran James da Margaret, wanda ya biyo bayan Nibley iya ran matar Lisle. Masu sasantawar suna gudun su ɓata wa babban mutum rai, sai su bashi ya ci har ya mutu, su bar ainihin tambayar wa 'yan baya, su kuma 'yan bayan suna tasowa da ƙarin jini a tsakani. A ganina masu sulhun 1425 sun fi kowa laifi bayan shi Thomas da ya mutu bai fayyace ba, dan a lokacin Isabel bata mutu a kulle ba, ba'a yi Nibley ba, magana ce ta gandu uku da za'a iya yanke wa farashi.

Ƙarfi ma bai riƙe ba. Takardun da aka sa James ya sa wa hannu a tsare a 1451 sun tsaya ne iya lokacin da Talbot yake raye, shekara biyu. Nasarar Nibley ta kawar da Lisle da ɗan cikinsa amma haƙƙin ya zagaya ta wajen 'yar'uwarsa ya dawo bayan shekara ɗari a hannun waɗanda suka fi Lisle ƙarfi nesa ba kusa ba. Hukuncin kotu kuma a duk tsawon labarin yana bin wanda yake kusa da sarki ne, Warwick da Talbot da Dudley kowa ya ci a zamaninsa, shima James sai da ya nemi ƙanin sarki sannan ya ga ƙofar fadarsa.

Abu biyu ne suka yi aiki. Na farko rubutu mai kyau da kuma mutumin da zai zauna ya karanta shi, takardar 1349 ce ta hana fadar bin Elizabeth zuwa gidan Warwick, ɗan sharaɗin da yake ƙarshen rubutun 1487 ne ya dawo da ita daga hannun sarki, kuma Maurice da Smyth da alƙalami suka dawo da abun da mayaƙa dubu basu tsare ba. Na biyu kuma yarjejeniyar 1609 ta sha bamban da na baya dan ba'a ɗaura ta a kan ran kowa ba, an saye haƙƙin ne ɗungurungum, kuma an dace da lokaci, Sidney yana buƙatar kuɗi, bashi da uwa ko kaka da aka kashe a rigimar, sarauniyar da take tsaya wa danginsa kuma ta mutu. Henry ya sha wuyar haɗa kuɗin dan dama ya riga ya sayar da ƙasa da yawa, ya rasu a 1613 shekara huɗu bayan sa hannun, Wotton yana hannunsa. Fadar har yau 'yan Berkeley ne a cikinta, fatun da aka yi ta wawaso a kansu kuma suna nan a ɗakin ajiyarta.